Masu zuhudun Buda ba sa taɓa kuɗi, to da me suka gina wurarensu a Ingila?

Ɗan Fagge a Luton: Assalamu alaikum jama'ar gida. Wani abu na gani ranar Lahadi da ya tsaya mini a rai, na ce bari in kawo shi nan. Kun san sana'ata kai kaya ce da mota. Wata mata 'yar Tailan mai gidan abinci ta ɗauke ni in kai mata buhunan shinkafa da katan-katan na man girki wani wuri bayan garin Hemel Hempstead, kusa da ƙauyen Great Gaddesden. Ni duk zatona wani shago ne. Muka hau wata siririyar hanya wadda mota biyu ba sa giftawa sai ɗaya ta raɓe, sai ga mu a wani fili bisa tudu, ga dogayen ɗakunan katako kamar tsohon bariki, a tsakiya kuma ginin jan bulo mai tsini a ka. Ashe gidan masu zuhudun addinin Buda ne, sunansa Amaravati.

Wajen ƙarfe sha ɗaya wuri ya cika, 'yan Tailan, 'yan Siri Lanka, Turawa, kowa da kularsa ko tukunyarsa. Masu zuhudun suka fito a jere, kai aske ƙwal, an yafa mayafi mai launin ƙasa, kowa rungume da kwanonsa mai murfi. Ko ɗaya bai buɗe baki ya ce a ba shi ba. Mutane suka yi layi, kowa ya zuba cokali guda na shinkafa a kowane kwano ya wuce. Matar ta ce mini da zarar rana ta take tsaka sun rufe baki ke nan sai gobe. Da ta fito da ambulan ɗin kuɗi ban ga ta miƙa wa babbansu ba, wajen wani mai wando da riga ta kai. Na tambaye ta dalili, ta ce ai ko fam ɗaya ba sa riƙewa.

To tambayata ke nan: mutanen da ba sa taɓa kuɗi, ba sa noma, ba sa girki, yaya aka yi suka mallaki wuri haka a ƙasar da hayar ɗaki ɗaya ke neman gagarar mu?

Abu Sumayya: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa ka ji tsoron Allah. Me ya kai ka wurin masu bautar gunki, har kuma ka ɗauko mana labarinsu zuwa zaure? Ina amfanin wannan?

Ɗan Fagge a Luton: Malam, kaya na kai, ba bauta na je ba. Azahar ɗina ma a gefen mota na yi ta a filin ajiye motocinsu, ba wanda ya ce mini uffan.

Shugaban Zaure: A yi haƙuri da juna. Tambayar ta tarihi da tsarin tafiyar da wuri ce, ba wanda ya kira wani zuwa wani addini. Mai ilimi a kai ya yi bayani, wanda bai ga amfanin ta ba ya wuce. Baban Iman, na san wannan fagenka ne.

Baban Iman: To Shugaba, tunda ka ambace ni. Ƙanena Ɗan Fagge, wurin da ka je reshe ne, saiwar tana can arewa maso gabashin Tailan, a lardin Ubon, yankin da ya fi ko'ina talauci a ƙasar a wancan zamani. Wani mutum ne ake kira Ajan Cha, an haife shi a 1918. Kalmar Ajan ɗin nan malam take nufi. Ya yi shekaru yana yawo a ƙafa cikin dazuzzuka da kogunan dutse da makabartu, yana neman wanda zai koya masa zaman natsuwa, har ya sadu da wani dattijo Ajan Man wanda shi ne jigon masu zuhudun daji na ƙasar. A 1954 mahaifiyarsa da mutanen ƙauyensu suka roƙe shi ya dawo gida. Ya dawo, amma bai shiga gari ba, sai ya sauka a wani kurmi da ake kira Pa Pong, wanda mutanen wurin ke tsoro saboda macizai da zazzaɓin cizon sauro, ga kuma camfin cewa akwai iskoki. Nan ne asalin gidan ibadarsa, Wat Pa Pong. Da 'yan bukkoki aka fara, abinci ɗan abin da manoma suka zuba a kwano, magani kuwa sai dai sassaƙe.

Abin da ya bambanta shi da sauran gidajen ibada na cikin gari shi ne ya riƙe tsohuwar dokarsu gam. Dokoki 227 ne a kan cikakken mai zuhudu, wanda suke kira bikku. Ba ya karɓar kuɗi, ba ya haƙa ƙasa, ba ya ajiye abinci ya kwana, ba ya cin abin da ba a miƙa masa hannu da hannu ba. Ka lura da hikimar wannan ta fuskar tsari: an ɗaure shi da jama'a kullum. Ranar da mutanen ƙauye suka daina ganin ƙimarsa, ranar zai kwana da yunwa. Ba shi da rumbu, ba shi da asusu.

Hajiya 'Yar Kwari: Baban Iman ka bari in tare ka a nan. Na fi shekara goma ina zuwa Bankok saro kaya, kuma na ga masu jan mayafin nan da idona. Da asuba za ka gan su ba takalmi suna bin layi, mata na durƙusawa suna zuba musu abinci, wannan gaskiya ne. Amma wallahi na ga wasunsu a kasuwar waya suna ciniki, kuɗi a jaka. Akwai kasuwa guda ta layu da 'yan gumakan wuya, wani ɗan ƙarami sai ka ji farashinsa ka riƙe baki. Kada a nuna mana su kamar mala'iku.

Baban Iman: Hajiya ba ki faɗi ƙarya ba, kuma abin da kika gani shi ne ainihin abin da Ajan Cha ya guje wa. Yawancin na birni suna karɓar kuɗi, wasu na ba da lambar caca, wasu na tsubbu. Shi kuwa an san shi da yi wa masu zuwa neman laya da ruwan tofi ba'a. Masu bin tafarkin daji 'yan kaɗan ne a cikin ɗaruruwan dubbai. Ko launin mayafinsu daban ne: na birni ruwan lemo ne mai haske, na daji kuwa ƙasa-ƙasa, don da itacen wata bishiya suke dafa rinin da kansu. Kin ga irin wanda Ɗan Fagge ya kwatanta ke nan.

Hajiya 'Yar Kwari: To haka ne, na ga masu duhun mayafin ma amma jefi-jefi. Ci gaba.

Baban Iman: Yadda abin ya tsallaka teku kuwa, wani Ba'amurke ne sila. Sunansa na yanka Robert Jackman, haifaffen Seattle a 1934, ya yi aikin jinya a sojan ruwa lokacin yaƙin Koriya, daga baya ya koyar a tsibirin Borneo. Ya shiga zuhudu aka sa masa suna Sumedo, ya iso wurin Ajan Cha a 1967. Ba a yi masa gata don farar fata ba: abincin da kowa ya ci shi zai ci, shara da jan ruwa a rijiya duk da shi. Sannu a hankali Turawa suka yi ta zuwa, har harshe ya zama matsala. A 1975 wasu daga cikinsu suka je wani kurmi kusa da ƙauyen Bung Wai, inda mutanen ƙauyen ke ƙone gawawwakinsu, don su gasa kwanonsu na ƙarfe a wuta, yadda ake yi kada su yi tsatsa. Mutanen ƙauyen suka ce don Allah su zauna. Haka aka kafa Wat Pa Nanachat, gidan daji na baƙi, ana koyarwa da Turanci, Sumedo ne shugabansa na farko.

Ka ga salon? Su ba sa neman fili. Jira suke a kira su.

Ɗan Damagaram: Salamu alaikum. Ni dai tun da aka fara nake jin kamar labarin tsangaya ake ba ni. Malam ya fita bayan gari ya kafa bukka, almajirai sun taru, gari na ciyar da su, in sun yi yawa babban gardi ya ɗebi wasu ya tafi wani gari ya kafa tasa. Kwano ma ga shi nan. Mene ne sabo a ciki? Kakanninmu sun yi wannan tun kafin a haifi Ajan ɗin.

Maman Sadiq: Yaya na Damagaram, kamannin akwai, amma kada mu rufe ido. Wanda Ɗan Fagge ya gani da kwano ƙato ne da ya zaɓa wa kansa. Namu yaro ne ɗan shekara bakwai da aka sauke a tasha. Kuma shi ba ya bin gida-gida yana kiran iya ko ɗan ƙanzo, abincin ne ke zuwa ya same shi, da zafinsa.

Baban Iman: Ku biyun kowa ya riƙe wani gefe. Ba a zama cikakken bikku sai an kai shekara 20. A gidajensu na Ingila mutum zai fara shekara guda da fararen kaya yana hidima, yana tuƙa mota, yana girki, yana iya riƙe kuɗi. Sai kuma wajen shekara guda a matsayin ɗan koyo. Bayan an naɗa shi ma sai ya yi shekara biyar a ƙarƙashin malaminsa kafin a bar shi ya yi gaban kansa. Duk ranar da ya ga ba zai iya ba, ya ajiye mayafi ya koma gida, ba a bin sa da tsinuwa, kuma da yawa sun ajiye. Amma Maman Sadiq, a Tailan da ƙasar Bama, wato Myanmar, akwai yara 'yan koyo su ma, talakawa na kai 'ya'yansu gidajen ibada don su sami karatu da abinci. Ba mu kaɗai ba ne da wannan.

Ɗan Damagaram: Yauwa. Na gode da ka faɗa da bakinka.

Maman Sadiq: Amma suna kwana a ɗaki, ko? Suna da mai duba su in ba su da lafiya?

Ɗan Damagaram: Anti, tsangayar da na yi karatu a cikinta muna da ɗaki, kuma kowane yaro yana da uwar ɗaki a cikin gari da ke ajiye masa tuwonsa. Abin da kike gani yau a bakin tasha lalacewar abu ce. Gari ya girma, wanda ya san malam ya mutu, 'ya'yansa ba su san shi ba.

Ɗan Fagge a Luton: Jama'a kun tafi tsangaya kun bar ni a Ingila. Har yanzu ban ji yadda suka sami fili ba.

Baban Iman: Ga shi nan tafe, kuma nan ne labarin ya fi daɗi. Akwai wata ƙungiyar amintattu ta Turawan Ingila da aka kafa tun 1956 don a sami masu zuhudu a ƙasar, suna da gida a unguwar Hampstead a Landan, amma duk wanda aka kawo ba ya daɗewa. A 1977 suka gayyaci Ajan Cha. Ya zo tare da Sumedo, ya duba, ya koma, ya bar Sumedo da wasu 'yan kaɗan a wannan gida da ke bakin titi mai hayaniya. Sumedo ya sha ba da labarin cewa ya nuna damuwa kan wa zai ciyar da su a ƙasar da ba mabiya Buda, sai malamin ya tambaye shi ko babu mutanen kirki ne a can. Ya kuma umarce su da su riƙa fita da kwano kowace safiya kamar yadda suka saba, ko da ba wanda zai zuba komai.

Haka suka yi ta yi. Su ɗauki kwano su zaga ta filin shaƙatawa na Hampstead, su dawo da shi wayam, yara na yi musu dariya. Rannan sai wani mai gudun motsa jiki ya tsaya ya yi musu magana. Ashe ya sayi wani daji a yankin West Sussex, ana kiransa Hammer Wood, sama da eka ɗari, yana son a kula da shi kada ya lalace, ya rasa wanda zai ba. Ƙarshenta ya ba su kyauta. Amintattun suka sayar da gidan Landan suka sayi wani tsohon gida da ke kusa da dajin, a ƙauyen Chithurst, aka tare a 1979. Gidan kango ne, rufi na yoyo, katakon ya ruɓe, ɗakuna kaɗan ne ke shiguwa. Su da masu taimaka musu suka yi shekaru suna gyara.

Cikin shekara biyar wuri ya yi musu kaɗan. A 1984 aka sayi inda ka je. Ɗakunan katakon da ka ce kamar bariki, tun zamanin yaƙin duniya na biyu suke, daga baya aka yi makarantar kwana a ciki. Ginin bulon kuma sai a 1999 aka yi bikin buɗe shi, har yayar sarkin Tailan na lokacin ta halarta. Ka lissafa: sun fi shekara goma suna ibada a tsohon zauren makaranta kafin su yi ginin da ka gani.

Sakataren Kwamiti: Wannan lissafin na ƙarshe shi ya taɓa ni. Ni sakataren kwamitin ginin masallacin unguwarmu ne, shekara ta shida ke nan. Mu da gini muka fara. Aka zana hasumiya biyu da ƙubba tun ba mu da kuɗin tubali, aka yi gidauniya aka kira masu kuɗi, aka yi alkawura a lasifika, rabi ba a cika ba. Yau ga ginin nan ya tsaya a linta, damina na dukansa. Abin da ya fi ci mini rai, kuɗin da aka tara wani dattijo ne ya riƙe a asusunsa na kansa, don ana jin nauyin a ce masa a buɗe na kwamiti. Ban ce ya ci ba, Allah ya sani. Amma ranar da na nemi a karanta lissafi a gaban jama'a, sai aka ce ba ni da kunya.

Su waɗannan, mai wa'azi daban, mai riƙe kuɗi daban, kuma dokar addininsu ce ta raba, ba sai an yi rigima ba. Wanda ake girmamawa ba ya iya sa hannu a cak. Ai ko mai son zarginsa ya rasa ta inda zai kama.

Abu Sumayya: Sakatare, ba sai ka je wurin mushrikai za ka koyi wannan ba. Muna da wakafi, muna da nazir mai kula da shi, muna da baitulmali. Sayyidina Usman ya sayi rijiyar Ruma ya bar wa Musulmi. Azhar da wakafi ta rayu ɗaruruwan shekaru. Mu muka yar da namu.

Sakataren Kwamiti: Malam, ban musa ba ko kaɗan. To amma in ka ga maƙwabci yana aiki da abin da ke rubuce a littafinka kai kuma ka bar shi a kanta yana shan ƙura, ai dole ka ji wani iri.

Hajiya 'Yar Kwari: Ku dai kada ku manta da inda kuɗin ke fitowa. Mutanen Tailan sun yi imani cewa ba wa mai zuhudu abinci ko mayafi lada ne babba, da shi ake haifar su. Matar da ta ɗauki Ɗan Fagge ba don tsarin lissafi ta kai shinkafa ba, lada take nema. Duk inda 'yan Tailan da 'yan Siri Lanka suke a Turai, to wurin nan ba zai rasa tukunya ba. Da Turawa zalla aka bar wa, da tuni an rufe.

Baban Iman: Da ƙamshin gaskiya a maganarki, musamman wajen manyan gine-gine. Suna ma da biki a ƙarshen zaman daminarsu na wata uku, ana kiransa Katina, ranar da jama'a ke kawo yadin mayafi da gudummawar shekara. Sai dai dajin farko Bature ne ya bayar, amintattun farko ma Turawa ne. Abin da ke jan su kuma zaman natsuwar ne. Akwai sashe a Amaravati da mutanen gari ke zuwa su yi halwa ta ƙarshen mako ko ta kwana goma, ba magana, ba waya, kuma ba a yanka musu farashi, in an gama kowa ya ba da abin da ya sawwaƙa. Littattafansu ma kyauta suke rabawa.

Maman Sadiq: Wai shi zaman natsuwar nan me ake yi a ciki? Zama kawai?

Ɗan Fagge a Luton: Na leƙa ta ƙofa na gani, Anti. Sun tanƙwashe ƙafa a kan 'yan matasai, ido a rufe, shiru kamar an yi mutuwa. Wani tsoho Bature da gwiwa ta ƙi, a kujera yake. A waje kuma na ga wata tana tafiya a hankali daga wata bishiya zuwa wata, ta juyo, ta koma, kamar mai neman allurar da ta faɗi.

Baban Iman: Abin da ka gani su ne hanyoyi biyun. A zaune mutum yana bin numfashinsa ne, shigarsa da fitarsa. Tunani zai ɗauke shi zuwa kasuwa ko bashin da ake bin sa, in ya farga ya dawo da hankali kan numfashi, haka dai. A Tailan wasu na haɗawa da maimaita kalmar Buddo, wato sunan Buda, a zuci. Na tafiyar kuma taku ashirin zuwa talatin ne, a je a dawo, hankali na kan tafin ƙafa. Manufarsu mutum ya ga da kansa cewa duk abin da ya taso a zuciya, fushi ne ko sha'awa, wucewa yake yi, don haka kada ya ƙanƙame shi. A gidajen Tailan ƙarfe uku na dare ake kaɗa ƙararrawa, kuma kusan sau ɗaya a mako, bisa lissafin wata, sukan kwana a zaune.

Sun yi 'yan gyare-gyare saboda sanyin Ingila. An yarda su sa riga mai hannu a ƙarƙashin mayafi, kuma babbar halwarsu ta koma watannin hunturu, Janairu zuwa Maris, lokacin da ba a iya aikin gini.

Abu Sumayya: Duk wannan natsuwar ina take lokacin da ake yanka 'yan'uwanmu Rohingya? A 2017 sama da mutum 700,000 suka tsere daga Bama zuwa Bangaladash. Ba mai mayafi ba ne Wiratu da ke hura wutar ƙin Musulmi? Ku yi ta yabonsu.

Shugaban Zaure: Malam Abu Sumayya ya kawo magana mai nauyi, a amsa masa da ladabi.

Baban Iman: Malam, abin da ka faɗa ya faru, kuma ba zan rage masa ko ƙwayar zarra ba. Wiratu mai zuhudu ne, ƙungiyarsa ta yi wa'azin ƙiyayya a fili, sojojin Bama suka yi ta'asar da duniya ta gani. A Siri Lanka ma an sami masu mayafi da suka tunzura jama'a kan Musulmi. Duk wanda ya ce maka addinin Buda ba ya haifar da masu tsattsauran ra'ayi bai karanta tarihi ba. Abin da zan ƙara kawai, waɗanda muke magana a kansu wata ƙasa ce daban, wata silsila daban. Mu da muka sha jin zafin a ɗora mana laifin 'yan ta'adda don kawai sun yi kabbara, mun fi kowa sanin yadda kuɗin goro yake.

Abu Sumayya: Na ji. Amma ni dai zuciyata ba ta sake da su ba.

Baban Iman: Ba wanda ya ce sai ta sake, Malam.

Maman Sadiq: To mata fa? Ɗan Fagge ya ce ya ga wata tana tafiya. Su ma suna cikin masu kwanon?

Ɗan Fagge a Luton: Akwai su, kai a aske su ma, mayafinsu ya fi duhu. Amma a layin abinci bayan maza suke.

Baban Iman: Nan ne ƙafar tsarin ke ɗingishi, Maman Sadiq. Tun 1979 mata huɗu suka zo Chithurst, a 1983 aka ƙirƙiro musu wani matsayi na musamman mai dokoki goma a tushe, ana kiransu Siladara. Sai dai bai kai na cikakken bikku ba, kuma wadda ta shekara ashirin a ciki tana bayan saurayin da aka naɗa jiya. Hukumar addinin a Tailan ba ta yarda da cikakken naɗin mata ba, tana cewa silsilarsa ta yanke tun ɗaruruwan shekaru. A 2009 wani almajirin Ajan Cha, Bature ɗan Landan da ake kira Ajan Brahm, ya bari aka yi wa mata huɗu cikakken naɗi a gidansa da ke kusa da Perth a Ostareliya. Dattawan Wat Pa Pong suka zauna suka cire gidan nasa daga jerin rassansu. Wasu daga cikin matan Ingila ma suka bar tsarin suka koma Amurka. Har yau tabon bai gama warkewa ba.

Maman Sadiq: Ikon Allah. Wato ko'ina aka je dai maganar ɗaya ce, mata su dafa su kawo, in an zo jeri su koma baya.

Hajiya 'Yar Kwari: Ƙanwata kin faɗi abin da ke bakina. A Bankok ma kusan duk masu durƙuson zuba abincin nan mata ne. Kuma namiji mai mayafi ba ya karɓar abu daga hannunki kai tsaye, wani ƙyalle yake shimfiɗawa ki ɗora a kai.

Ɗan Damagaram: Ni tambayata ɗaya. Da malamin ya mutu fa? Don a nan ne namu ke watsewa. 'Ya'ya su ce gado, manyan almajirai su ce khalifanci, a raba gida biyu.

Baban Iman: Ka taɓo wurin da ni ma ya fi ba ni mamaki. Ajan Cha ya kwanta ciwo tun farkon shekarun 1980, wajen shekara goma ba ya magana, ba ya tashi, almajiransa na karɓa-karɓa wajen jinyarsa. Ya rasu a watan Janairun 1992, aka yi shekara guda ana shiri kafin a ƙone gawar, taron da aka ƙiyasta mutum kusan miliyan ɗaya sun halarta, har da sarki da sarauniyar ƙasar. To a cikin shekarun da yake kwance ɗin nan ne aka buɗe Amaravati da reshen Niyu Zilan da na Suwizalan da na Italiya. Na Kalifoniya kuma a 1996, bayan rasuwarsa. Yau rassan sun haura 300, mafi yawansu a Tailan.

Dalili a ganina biyu ne. Ba shi da ɗa, ba shi da dukiya, babu abin gado. Sannan tun yana da lafiya yake tura manyan almajiransa su je su riƙe rassa, su yi kuskurensu yana raye. Manyan lamurra kuma taron dattawa ke yanke su duk shekara. Shi kansa Sumedo ya sauka daga shugabancin Amaravati a 2010 da ƙafarsa, ya miƙa wa Ajan Amaro.

Sakataren Kwamiti: Ya sauka da ransa da lafiyarsa? Mu shugaban kwamitinmu tun aza harsashi yake kai.

Ɗan Damagaram: To ai rashin aure ne ya sauƙaƙa musu. Mu kuwa babu zuhudun ƙin aure a Musulunci, malam dole ya yi iyali, iyali kuma dole su ci. Ba za ka ɗauko wannan ka dasa a Damagaram ko Kano ba.

Sakataren Kwamiti: Ba aurensa nake so ya bari ba, Yaya. Asusun nake so ya bari.

Shugaban Zaure: Sakatare, wannan kuma sai ka kai ta taron kwamitinku, kada a ce daga zauren nan aka zuga ka.

Ɗan Fagge a Luton: Matar ta sake bugo mini ɗazu, wai akwai wani kayan ƙarshen wata, har da barguna. Hajiya, ke da kika san su, in na sake zuwa yaya ake gaishe da babban nasu? Rannan hannu na miƙa masa, ya karɓa yana murmushi, amma na ga matar ta zaro ido.

Hajiya 'Yar Kwari: Su haɗa tafin hannu suke yi a ƙirji su sunkuyar da kai. Kai ba sai ka yi ba. Ka ce masa barka da rana daga tsaye, ka cire takalmi in za ka shiga ɗaki, kuma in ka zauna kada ka miƙe ƙafa ta fuskance shi, wannan babban rashin ladabi ne a wurinsu. In ka ga ana sayar da shinkafarsu mai danƙo a shagon matar, ka tambayo mini nawa ne ƙaramin buhu a can.